Zinariyar da Jaki Ya Kai Gona

Zuwa ga Gwaggo Kaltumi,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ruwa ya sauka, domin in ya sauka ban yi komai ba, ina jin gonarmu ta tafi. Ki yi haƙuri da rubutuna. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan ba maganar da zan sa wani ya rubuta mini ba ce.

A cikin garin Dutse nake. Maigidana, Allah ya jiƙansa, maƙerin fari ne. A da aikin azurfa ya fi yi, zobe da warwaro, sai kuma hajiyoyi su kawo masa zinariyarsu ta Makka, ɗan kunne ya karye ko sarƙa ta tsinke, ya narkar ya sake. Da aka ba mu jiha matan ma'aikata suka cika gari, aikin zinariya ya ƙaru, amma bai daɗe yana morarsa ba Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mana gida, da gona ɗaya a gindin duwatsu a bayan gari, da shanun huɗa biyu. Ba mu raba ba. Tare muke nomawa tare muke ci, ni da babban ɗana da matarsa Zakiyya da 'ya'yansu, da ƙannensa mata biyu da ke makaranta.

Ɗan nawa ɗan fari ne, ba na kama sunansa, a nan zan ce masa Nata'ala. Akawu ne a sakatariya. Yaro ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Albashinsa ba ya ganin ƙarshen wata, geron gonar nan shi ke riƙe da gidan.

Bara da rani wasu mutane suka zo a mota mai buɗaɗɗen baya. Dagacin wajen ya tara masu gonaki ya ce 'yan kamfanin neman ma'adinai ne, da izininsu daga sama. Suka bi gonaki a jere, su yi ɗan tono su ɗebi ƙasa a 'yan jakunkuna su wuce. Mutane suka yi ta dariya, ana cewa tsadar rayuwa ta kai 'yan boko ga cin ƙasa. Bayan kaka sai ga su sun dawo. Suka wuce gonar kowa suka tsaya a tamu, suka kakkafa turaku masu jan ƙyalle. Zuwansu na uku da wani dattijon injiniya suka zo, mai jin Hausa sosai. Ya ce awo ya nuna alamar zinariya a ƙasarmu, ba wadda ido ke gani ba, ya ce kamar a jefa ƙwayar gero ɗaya cikin rumbunan dawa ne. Suna so su yanka dogayen ramuka a rabin gonar, damina biyu ba za a noma wajen ba, za su biya mu abin da za mu rasa. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa yawancin irin wannan alama ba ta zama komai.

Nata'ala bai ji wannan ta ƙarshen ba. Da muka dawo gida ya ce mini, "Iya, kin taɓa ganin kamfani ya ƙona mai sau uku a kan banza? Zinariya suke so su saya da kuɗin gero." A ofis abokansa suka sa masa Alhaji Gwal, in ya shigo su miƙe suna ranka ya daɗe. Da fari yana dariya, daga baya ya daina, har tafiyarsa ta sauya. Zakiyya ma tana tsokanarsa tana cewa in an haƙo a fara da kunnenta, don ta gaji da na roba. Yanzu ita ma ta bar wasan, ta ga abin ya wuce nan.

Ya ƙi sa hannu ga kamfani. Ya samo wasu mutane da suka ce sun yi aikin zinariya a yamma, sun ce a ba su abinci da kayan aiki da injin jan ruwa, su haƙa a raba. Har sun fara rami kusa da aduwar da ke tsakiyar gonar, ya shanye tsawon mutum. Ya hana a yi sharar gona, ya hana a fitar da taki, ya ce bana ba gero za mu girba ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya ce zai kai shanun kasuwar Shuwarin ya sayi injin. Gwaggo, in shanun nan suka tafi, gonar ta zama ramuka, da me zan ciyar da yaran nan?

To ga abin da ya hana ni sakat, wanda ban faɗa wa kowa ba sai maƙwabciyata Larai.

Kwanan baya ƙanin maigidana, Malam Idirisu, ya zo gaishe ni. Yana dariya ya ce, "Yaya, ashe arzikin na dangi ne, ni ma sun kafa mini turke biyu." Gonarsa kuwa ba ta jingina da tamu ba, tana can ƙetaren hanya, kuma gonakin da ke tsakaninmu ba a kafa wa ko ɗaya komai ba.

A zauren gidanmu maƙerar Malam, wato maigidana, take. Bai taɓa yarda a zubar da shararta ba. Ni ke sharewa kullum in ya tashi, in zuba a wata tsohuwar randa. Shekara-shekara, gab da azumi, sai ya ƙona sharar ya daka ya wanke a ƙwarya, ya fitar da ɗan abin da magagari ya ci, ya narkar ya zama ɗan ƙwallo kamar ƙwayar wake. Yakan ce wannan na ɗinkin Sallar yara ne. Abin da ya rage, laka da toka da fasassun kaskon narki, ni ke juyewa a jujin bayan gida, inda muke tara kashin awaki. Kowane rani kuma jaki ya kwashe jujin nan a mangala ya kai gona. Haka muka yi tun ina amarya har ya rasu. Lokacin da Malam Idirisu ya yi aure ba shi da dabba ko ɗaya, yayansa ya riƙa raba masa takin shekaru da dama.

Na ɗauki ƙafa na je gonar da kaina. Gwaggo, turakun nan a daidai gambar da ta raba mu da maƙwabci suka tsaya, sai ka ce zinariyar ta san iyakar gona. Inda suka fi yawa kuma nan gindin aduwa ne, wurin da ake sauke mangala kafin a watsa.

Na gwada yi wa Nata'ala maganar. Na ce ko ya tuna randar sharar babansa. Ya ce, "Haba Iya, ana zancen awon da aka kai ƙasar waje, kina zancen shara." Bai faɗa da raini ba, amma nan na bar maganar.

Larai ta ce in ja bakina in yi shiru, in lallashe shi ya karɓi na kamfani. Ta ce, "Ke wa ya tambaye ki? Su da injinansu ba su gane ba, sai ke da tsintsiyarki?" Amma tun da aka ƙaddamar da Shari'a kullum rediyo na wa'azi a kan algus da tauye mudu. Sai in riƙa tambayar kaina, mene ne bambancina da mai zuba yashi a ƙasan buhun gero, in na karɓi kuɗin mutane alhali ina zaton abin da suka gani daga zaurena ya fito? In kuma na yi magana suka tattara suka tafi, mutanen ƙauyen nan da ke sa ran za a ɗauki 'ya'yansu aiki, a yi musu hanya da burtsatse, za su ce tsohuwa ce ta kori arziki. In kuma zatona kuskure ne fa? In akwai zinariyar da gaske, na zubar wa marayu rabonsu da bakina?

Ni dai ban gane ba. In akwai ta, me ya sa suke tayi kaɗan? In babu, me ya sa suke ta dawowa? Yaya ake yi wa abin da ba a gani ba kuɗi? Kuma wa zan fara faɗa wa, ɗana ko su? Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ki taimake ni don Allah.

Taki,
Mai sharar maƙera, Dutse.

*

'Yar'uwata mai sharar maƙera,

Wa alaikumus salam. Rubutunki ya fita sarai, kuma ki kwantar da hankalinki, lokaci bai ƙure ba tunda shanu na gida.

Ni ba masaniyar ma'adinai ba ce, don haka na kai takardarki ga wani dattijo da ya yi shekaru yana wannan aiki kafin ya yi ritaya. Da ya zo kan jaki da mangala sai ya cire tabarau ya yi dariya, sannan ya ce mai wannan takarda ta yi tunani daidai. Awon da ake yi wa ƙasa yana kama abin da ya fi ƙura ƙanƙanta, kuma wankin ƙwarya ba ya taɓa kwashe zinariya duka. Ya ce alamar da ta fito daga dutse takan bi jijiyar dutsen ne, ta ratsa gonakin mutane ba ruwanta da na wane ne. Wadda ta tsaya a kan gamba, ta tsallake gonaki ta ɓulla a ta ƙanin miji, dole a tuhume ta. Amma ya ja kunnena cewa zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba. Ƙasar duwatsu ce, ba a rantsewa a kanta.

Ga yadda ake yi wa abin da ba a gani ba kuɗi. Gero a rumbu da kuɗinsa. Wanda ya fitar da kai a gona bai kai wannan ba, saboda tsuntsu da fari na nan. Na ranar shuka kuwa ƙasa yake da su duka. To zinariyar da aka ga alamarta a ƙasar sama ba ta ma kai ranar shuka ba, domin ba a tabbatar akwai irin ba. Kamfani yakan ƙiyasta abin da wuri zai kawo in komai ya tafi daidai, ya cire abin da haƙa za ta ci, sannan ya rage saura gwargwadon yawan wuraren da ke ƙarewa a banza. Yakan kuma duba abin da ya riga ya kashe, da yadda aka sayar da irin wannan izini a wasu wurare. Dattijon ya ce a sana'arsu akan ce cikin wuri dubu da aka ga alama, da ƙyar ɗaya ke zama mahaƙa. Bayan ƙasar sama sai ramuka, bayan ramuka sai injin da ke huda dutse ya ciro cikinsa, kuma a kowane mataki ana watsar da mafi yawa. Ko an same ta, sai ta yi yawan da za ta biya wahalar fitar da ita. Wurin da ya tsallake mataki, darajarsa ta hau. Gonarku tana matakin farko.

Wannan ce amsar sau ukun Nata'ala. Ba tabbaci ne ke dawo da su ba, rashinsa ne. Suna riƙe da wurare da yawa, sun san za su yi asara a kusan duka, ɗaya ya mayar musu. Shi kuwa gona ɗaya gare shi da shanu biyu. Abin da ke kasuwanci a wurinsu, a wurinsa caca ce da tuwon yara.

Sai dai kada ki ɗauke shi mahaukaci. Mutumin da albashi ke ƙare masa a tsakiyar wata, aka ce akwai zinariya a ƙarƙashin ƙafarsa, ba kowa zai iya barci ba. Kuma yana da gaskiya da bai yi saurin sa hannu ba. Abin da bai gane ba shi ne ba zinariya ake taya muku ba. A dokar ƙasar nan, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, mai lasisi kaɗai ke da izinin taɓa shi. Naku shi ne saman, da amfanin gona da itatuwa, kuma diyyar wannan ce ake magana. A nan ya kamata ya tsaya da ƙafarsa: a lissafa gero da wake, da kara da harawa, da aduwar, da shekarun da ƙasa za ta yi kafin ta farfaɗo, a rubuta cewa za su cike ramukansu, a gaban dagaci da shaidu. Ramin da ya sa aka fara kuwa ya saɓa doka, kuma irinsa na ruftawa da mutane da zarar ƙasa ta sha ruwa. A tsayar da shi yau.

Batun algus, na tambayi malami. Ya ce ba ki da laifin komai a abin da ya wuce, taki kika kai gonarki kamar kowa. Amma karɓar kuɗi tare da ɓoye abin da kike da ƙarfin zaton zai sauya ra'ayin mai biya, wannan bai halatta ba. Ki gaida Larai, ki bar shawararta. Ko ta fuskar dabara ma ba ta ɓullewa, domin taki bai wuce inda garma ke kaiwa da nisa ba. Ranar da ramukansu suka yi zurfi za su ga komai, bayan an farfashe muku gona. Mutanen ƙauye kuma, in alamar ta juji ce, babu hanyar da za ta zo balle ki kore ta. In ta dutse ce, maganarki ba za ta sa ta gudu ba. Gaskiyarki ba ta rage wa marayu komai.

Ɗanki za ki fara faɗa wa, kada ya ji a bakin baƙo. Kada ki tare shi ya dawo daga ofis da kirarin abokai a kunnensa. Ki kira Malam Idirisu, shi ne ubansa yanzu, ku zauna a zauren nan da maƙerar take. Ki sa Malam Idirisu ya faɗi da bakinsa daga ina takin gonarsa ya fito, ki bar Nata'ala ya haɗa sauran da kansa. Abin da mutum ya gano da kansa ya fi sauƙin haɗiya. A wannan zaman a tuna masa a hankali cewa shanun gado ne da ba a raba ba, da haƙƙinki da na ƙannensa a ciki, ba shi da ikon kai su kasuwa shi kaɗai.

Daga nan ku je wurin injiniyan tare, Nata'ala ya yi bayanin. Mutumin da ya faɗa muku a gaban jama'a cewa yawancin alamu ba sa zama komai, ba zai ƙi jin wannan ba, asara kuka rage masa. Ku roƙe shi ya ɗebi ƙasa daga daɓen zauren, da gurbin tsohon jujin, da kuma can ƙasan ramin gindin aduwa. In ta bayyana a juji ta ɓace a ƙasan rami, magana ta ƙare. In ta ƙaru a ƙasan rami, to sai a zauna ciniki da ido buɗe. Awon zai ɗauki lokaci, damina kuwa ba ta jira. Saboda haka a yi sharar gona, a fitar da taki, a shuka. Zinariyar da ke cikin dutse in tana nan, za ta jira ku har kaka.

In ta tabbata ta Malam ce, ɗanki zai ji kunya, a ofis za a yi masa dariya na ɗan lokaci. Ki tsaya kusa da shi, kada ki ce ai na faɗa maka. Ki ce masa babansa ya yi aiki har ƙurar hannunsa ta ruɗi injin Turawa, kuma gonar da ya bari ta ciyar da shi tun yana goye ba tare da kowa ya tone ta ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya zuciyar Nata'ala, ya ba ku damina mai albarka. Ki shafa mini kan shanun.

Gwaggo Kaltumi